Baƙo da Takardarsa: Dokar Shaidar Matafiyi daga Suleja zuwa Ƙetare

Dokar kusan kowace ƙasa ta wannan zamani tana ɗora wa baƙo nauyin da ba ta cika ɗora wa ɗan gida ba, wato ya iya tabbatar da ko shi wane ne, ta wace ƙofa ya shigo, kuma har zuwa yaushe aka yarje masa ya zauna. Wannan nauyi kashi uku ne da mutane kan cuɗa su wuri ɗaya, alhali doka ta bambanta su: akwai wajabcin mallakar takardar shaida, akwai wajabcin yawo da ita a jiki, sannan akwai wajabcin nuna ta idan jami'in da ke da hurumi ya nema. Wata ƙasar ta tsaya a kan na farko, wata ta haɗa duka ukun, kuma yawancin wahalar da matafiya ke sha a kan hanya tana faruwa ne saboda sun ɗauki ƙa'idar garinsu sun tafi da ita inda ba ta aiki. Haka kuma takardun da ake magana a kansu ba aiki ɗaya suke yi ba. Fasfo shaida ce daga ƙasar mutum cewa nata ne, biza izinin zuwa ne daga ƙasar da za a ziyarta, hatimin da ake bugawa a bakin iyaka shi ke nuna ranar shiga da wa'adin zama, takardar izinin zama kuwa ta wanda zai daɗe ce, don haka mai fasfo lafiyayye wanda babu hatimin shiga a cikinsa bai cika sharaɗin doka ba, komai kyawun fasfon.

Suleja ba garin iyaka ba ne, domin tsakaninsa da Jibiya ko Illela akwai tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, amma wuri ne da wannan tambaya ke da rai a cikinsa kullum. Garin yana bakin babbar hanyar da ta taso daga Abuja ta bi gindin dutsen Zuma ta nufi Kaduna da Zariya da Kano, kuma tsadar haya a babban birnin ƙasa ta sa dubban masu neman abinci suke kwana a Suleja da Madalla da kewayensu, su yi sammako su shiga Abuja. Daga cikinsu akwai 'yan ci-rani daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, masu gadi da 'yan ga-ruwa da masu shayi da dillalan dabbobi, waɗanda harshensu da suturarsu da masallacinsu ba su bambanta da na Bakatsine ko Basakkwace ba. Tarihin garin kansa tarihin ƙaura ne, domin sarakunan Zazzau da jihadi ya fitar daga Zariya a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa shi, Abu Ja ya gina shi a 1828 aka kira shi Abuja, kuma sai bayan dokar 1976 da ta ƙirƙiri sabon babban birnin tarayya ne ya bar wa birnin wannan suna ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Masu nazarin tarihin masarautar sun nuna cewa sai a zamanin Abu Kwaka, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1877, aka fara hulɗar ciniki sosai da masarautun Bida da Zariya, abin da ke nuna cewa tantance wanda zai shigo gari ba baƙon al'amari ba ne a wannan ƙasa.

Sai dai tantancewar da ta gabata da mutum ake yin ta, ba da takarda ba. Fatake da suka iso gari sukan sauka a zango ko gidan mai masauki, wanda a wasu wurare ake kira fatoma, shi ne zai ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu idan an ba su bashi, kuma shi hukuma za ta tuhuma idan baƙonsa ya yi ɓarna. Tsagar fuska tana faɗin asalin mutum tun kafin ya buɗe baki, karin harshensa ya ƙara bayani, sunan malaminsa ko ubangidansa ya cike sauran. Wannan tsari ne ya riƙe cinikin goro da na shanu tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja da Kumasi da Ibadan na tsawon zamani, inda sarkin zango ko sarkin Hausawa yake zama mai shaidar duk wanda ya sauka a unguwarsa, kuma har yau shi ne ke aiki a zahiri a tashoshin mota da kasuwannin Suleja, domin magidancin da zai ɗauki mai gadi ba fasfo yake fara tambaya ba, tambayarsa ita ce wa ya san shi, wa zai tsaya masa. Tsari ne mai ƙarfi a inda aka san juna, amma ba shi da tasiri ko kaɗan a gaban jami'in da bai san kowa a zangon ba.

Iyakar da ta mayar da Bamaraɗe baƙo a Katsina ba ta wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908, ta ratsa gonaki da dangi a tsawon kimanin kilomita 1,500. Fasfo ma, a siffar ɗan littafin da aka sani yanzu, ya samu daidaito ne a taron da Majalisar Ƙawancen Ƙasashe ta kira a Faris a 1920, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa gwamnatoci sun saba da binciken matafiya. A Nijeriya aikin shige da fice yana hannun 'yan sanda ne har zuwa dab da ƙarshen mulkin mallaka, sannan dokar 1963 ta kafa shi a matsayin hukuma mai zaman kanta, kuma wannan doka ce ta yi aiki fiye da shekara hamsin kafin Dokar Shige da Fice ta 2015 ta maye gurbinta.

Ginshiƙin da zirga-zirgar Hausawan yankin ta dogara a kansa shi ne yarjejeniyar walwalar jama'a da shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar ranar 29 ga Mayun 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. A nan ne babban kuskuren fahimta yake, domin jama'a da yawa sun ji an ce babu biza sai suka ɗauka an ce babu takarda. Yarjejeniyar ta gindaya sharuɗɗa a fili: matafiyi ya riƙe sahihiyar takardar tafiya, ya riƙe takardar shaidar lafiya ta ƙasa da ƙasa, wato katin rigakafin shawara da aka fi sani da katin rawaya, kuma ya shiga ta ƙofar da hukuma ta amince da ita, irin su Jibiya da Illela da Kwangwalam da Maigatari da Kamba. Ta kuma bar wa kowace ƙasa ikon hana wanda dokarta ta ɗauka bai cancanci shiga ba. Wanda ya hau babur ya bi ta daji ya faɗo Nijeriya, ko da ɗan ƙasa mai cikakken haƙƙi ne a ƙungiyar, ya zubar da kariyar da yarjejeniyar ta ba shi tun daga matakin farko, domin babu hatimin da za a ƙirga masa kwana 90 daga kansa, kuma a idon doka sunansa baƙon haure.

Don a sauƙaƙa wa talaka, ƙungiyar ta fito da takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS a 1985, ɗan littafi mai rahusa da ke aiki a cikin yankin kaɗai, sannan fasfo mai tambarin ƙungiyar a 2000, sannan a 2014 aka amince da katin shaida mai ɗauke da hoton yatsu wanda aka yi nufin ya wadatar wajen tsallaka iyaka, ko da yake ƙasashe sun yi ta jan ƙafa wajen fitar da shi. Ƙarin yarjejeniyoyin 1986 da 1990 sun tanadi haƙƙin zama da na kafa sana'a. A aikace, ɗan Nijar da ya wuce kwana 90 a Suleja ana son ya yi rajista da hukumar shige da fice ya karɓi katin zama na 'yan ECOWAS, baƙon da ya fito daga wajen yankin kuma, kamar injiniyan Sin ko ɗan kasuwar Indiya, sai ya mallaki katin CERPAC, wanda ya haɗa izinin zama da shaidar baƙunci. A Yulin 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da rajistar baƙi ta kwamfuta ga duk wanda zai wuce kwana 90, tare da afuwar wata shida ga marasa takardu, amma ba a buƙatar dogon bincike kafin a gane cewa mai tura baro da ke samun na abinci da ƙyar, wanda kuma yake tsoron duk wani ofis mai tuta, ba shi ne zai fara shiga layi ba.

Wurin da al'amarin ya fi tsauri shi ne rarrabe baƙon da ɗan gida. A filin jirgin sama fasfo ya raba gardama, amma a shingen bincike tsakanin Madalla da mararrabar Dikko, inda mota ke cike da Hausawa zalla, jami'in ba shi da abin dogaro sai zato, kuma zato kan faɗa ne a kan mai rawani irin na Buzaye, ko mai ƙirga kuɗi da jaka da dala irin na sefa, ko wanda kalmar Faransanci ta suɓuce masa. Ɗan Nijeriya bai saba yawo da shaida a aljihu ba, domin ba a gina rayuwar yau da kullum a kan haka ba, kuma ko da aka kafa hukumar katin ɗan ƙasa a 2007 aka fara ba da lambar NIN, mutanen karkara da dama sun daɗe ba su samu ba. Sakamakon haka shi ne ɗan Maigatari marar kati da ɗan Magarya marar kati matsayinsu ɗaya a bakin shinge, kuma wanda ya fi iya magana ko ya fi saurin miƙa na goro shi ke wucewa. Lambar NIN ɗin ma ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce a karan kanta, tun da doka ta yarda a yi wa baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida rajista. Haihuwa a ƙasar ma ba ta wadatar, domin sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya rataya zama ɗan ƙasa a kan iyaye ko kakanni, don haka yaron da aka haifa a Suleja, uwa da uba da kakanni duk 'yan Nijar, wanda bai taɓa ganin Damagaram ba, baƙo ne a doka, alhali maƙwabcinsa da kakarsa ɗaya tak ta fito daga Daura ɗan ƙasa ne cikakke.

Shari'ar Shugaba Abdurrahman Darman ta nuna inda wannan ruɗani zai iya kaiwa idan siyasa ta shiga ciki. Shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, amma a Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta sa aka kama shi aka tsallakar da shi Chadi bisa zargin cewa mahaifinsa ɗan can ne. Babbar kotu a Maiduguri ta soke korar ta kuma ba shi diyya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa ɗan ƙasa ne, kuma ƙa'idar da aka kare a shari'ar, cewa ba a korar ɗan Nijeriya daga Nijeriya, tana nan a sashe na 41 na tsarin mulkin yanzu. Abin lura shi ne mutumin da ke da kujera a majalisa da lauyoyi sai da ya yi shari'a kafin ya dawo gida, balle mai yankan farce da aka kwasa a samame.

Tarihin yankin ya nuna cewa dokar takardu takan yi barci shekara da shekaru, sannan ta farka a rana ɗaya idan tattalin arziki ya karye ko tsaro ya taɓarɓare. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya fice, kuma umarnin ya girgiza zangunan Kumasi da Akra, inda Hausawa da Yarabawa da aka haifi iyayensu a can suka wayi gari ana tambayar su takardar da ba su taɓa jin sunanta ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin haka bayan faɗuwar farashin mai, aka fitar da mutanen da ake ƙiyasta sun haura miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Gana, tare da 'yan Nijar da Chadi da Togo masu yawa, sannan gwamnatin soja ta maimaita a 1985. Korar 1983 da ta 1985 duk sun faru ne bayan yarjejeniyar Dakar, kuma hujjar da aka kafa ita ce mutanen sun wuce kwana 90 babu izini. Suleja ta ɗanɗani nata kason a 2011, shekarar da bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na garin a watan Afrilu, wani kuma ya tashi a cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimeti. Ranar 31 ga Disamba Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya dokar ta-ɓaci a ƙananan hukumomi 15, ciki har da Suleja, shingaye suka yawaita, kuma a watannin da suka kewaye wannan lokaci aka mayar da dubban 'yan Nijar da Chadi ƙasashensu daga sassan Arewa, mafi yawansu ba don an same su da hannu a ta'addanci ba, sai don ba su da abin nunawa.

Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sake jefa ƙa'idar cikin rashin tabbas. An rufe iyaka a Agustan 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024, sannan ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta, su kuma bar su su shiga babu biza har sai an ji sabon bayani, ƙasashen uku ma sun ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS. Bambancin shi ne abin da a da haƙƙi ne na yarjejeniya yanzu ya koma alfarma da sanarwa ɗaya za ta iya janyewa. A watan Janairun 2025 ɗin ne kuma gwamnatin Janar Abdurrahman Tiani ta fitar da sabuwar doka da ta tsaurara sharuɗɗan shiga da zaman baƙi, har ta wajabta wa duk wanda ya sauki baƙo, ko da kyauta ne, ya sanar da 'yan sanda, wato tsohon nauyin mai masauki ya dawo, amma wannan karo da tara a bayansa. Dama can Nijar ta gaji tsarin Faransa na tambayar kati a hanya, inda jandarmomi ke tsayar da mota su karɓi katin kowane fasinja, abin da kan ba ɗan Nijeriya mamaki a tafiyarsa ta farko zuwa Maraɗi ko Ƙonni.

Babu inda Bahaushe ya fi jin zafin wannan doka kamar Saudiyya, saboda can ne zuciyarsa ta fi ɗauka gida ne alhali dokar ta fi ko'ina tsanani. Tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, ana shekaru a hanya, wasu su yada zango a Mai Wurno su zauna ke nan, aka samu al'ummar da ake kira tikari, waɗanda suka je ibada ko neman arziki suka zarce. Mazaunin Saudiyya dole ne ya mallaki igama, wato katin izinin zama, ya kuma nuna ta duk inda aka tare shi, wanda ba shi da ita kuwa rayuwarsa ɓuya ce har ranar da za a kai shi gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a tasa ƙeyarsu. Hajji kuma yana da nasa izinin daban da ake kira tasrihi, bizar Umara ko ta ziyara ba ta halatta shi, kuma tun daga Hajjin 2024 an wajabta wa kowane alhaji rataya katin Nusuk, wanda in babu shi ba a shiga Mina da Arfa, wani lokaci har da harabar Harami. A Hajjin 2024 ɗin ne hukumomin Saudiyya suka sanar da mutuwar alhazai 1,301 a cikin tsananin zafi, suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izini, kuma dalilin a bayyane yake, tun da marar kati ba ya samun tanti mai sanyi ko motar jigila, yana kuma gudun jami'in da zai iya kai shi asibiti. A nan takarda ta wuce batun tara ko kora, ta zama ita ce ke raba wanda zai samu inuwa da wanda zai yi tafiyar ƙafa a rana. Maniyyacin Suleja da ya bi ta hukumar alhazai ta jiha da ta ƙasa yana da wannan kariya, wanda dillali ya sayar wa bizar ziyara da alkawarin za a san yadda za a yi kuwa ba shi da ita.

A ƙasashe masu nisa ƙa'idar ta sha bamban ƙwarai. Japan ta wajabta wa mai ziyara ya riƙe ainihin fasfonsa a jiki koyaushe, rashin haka na iya jawo tarar da ta kai yen 100,000. Dokar Amurka ta 1952 ta ce baƙon da ya kai shekara 18 ya riƙa yawo da shaidar rajistarsa. Faransa na son baƙo ya iya nuna takardar da ta halatta masa zama idan an nema, Jamus ta wajabta mallaka ba tare da wajabta yawo da ita ga kowa ba, Ingila kuwa ba ta da dokar da ta tilasta wa mai tafiya a titi ɗaukar kati. Katin rawaya ma, wanda matafiya da yawa ke rainawa, ya taɓa haddasa rikicin diflomasiyya a Maris na 2012, lokacin da Afirka ta Kudu ta mayar da 'yan Nijeriya 125 daga filin jirgi bisa zargin katinsu na jabu ne, Nijeriya ta rama, har sai da aka ba ta haƙuri.

Saura tambayar da matafiya suka fi yi, wato ko kwafin hoto zai wadatar a bar ainihin fasfo a masauki don gudun ɓata. Inda doka ta ce a riƙe ainihin takarda, kwafi ko hoton waya ba ya cike gurbinta, sai dai jami'i ya ga dama ya yi sassauci, amma amfaninsa na gaske yana bayyana ne ranar da fasfo ya ɓace, domin da shi da rahoton 'yan sanda ofishin jakadanci zai fi saurin ba da takardar tafiya ta gaggawa, wadda ke kai mutum gida kawai. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar ƙananan jakadu ta ba baƙon da aka tsare haƙƙin a sanar da ofishin ƙasarsa idan ya nema, haƙƙin da ya shafi ɗan Nijeriya a Jidda kamar yadda ya shafi ɗan Nijar da aka kama a Suleja, wanda ofishin jakadancin ƙasarsa ke nan kusa a Abuja. Mafi munin hali shi ne na wanda fasfonsa ke hannun wani, kamar 'yan aikatau da dillalai ke kaiwa ƙasashen Larabawa, inda ubangida ke karɓe fasfo tun daga filin jirgi da sunan ajiya, duk da cewa dokokin ƙwadago na Saudiyya sun hana hakan. Irin wannan ma'aikaciya idan ta gudu daga gidan da ake zaluntarta, a titi ita ce mai laifin rashin shaida, kuma sau da yawa abin da ke taimaka wa ofishin jakadanci ya gane ta shi ne kwafin shafin fasfon da ta bari a hannun danginta kafin ta tashi.